Gentoo ta ƙi tashi bayan girkawa: yadda ake kafa GRUB da gano inda matsala take

A cikin zafin watan Afrilu wani ƙanena ya taso daga Mabera ya same ni a gida, rungume da laftof ɗinsa ThinkPad ta gwanjo. Kwana uku ya yi yana girka Gentoo, wani nau'in tsarin Linux. Ya ƙone datarsa, ya yi ta kai na'urar gidan maƙwabci mai sola duk lokacin da aka ɗauke wuta, ya ɗora ta a kan bulo biyu gaban fanka don kada zafi ya kashe ta. Da ya gama ya sake kunnawa, sai baƙin allo da layi ɗaya mai cewa babu faifan da za a tashi daga gare shi. Ya ce, "Yaya, gogewa zan yi in sake daga farko." Na ce masa ya ajiye ta ya sha ruwa tukuna. Ba mu kai minti ashirin ba ta tashi, kuma ba mu sake gina ko manhaja ɗaya ba.

Gentoo, wadda Daniel Robbins ya assasa kuma sigarta ta 1.0 ta fito a 2002, ba a ba ka ita a dafe. Kayan miya ake ba ka, Portage, mai kula da manhajojin Gentoo da ake kira da umarnin emerge, ya gina maka kowace manhaja a kan na'urarka. Saboda haka sake girkawa a nan yana da tsada ƙwarai, musamman gare mu da muke lissafin data da wuta. Kuma kusan ko da yaushe bai zama dole ba. Idan na'ura ta ƙi tashi, duk abin da ka gina yana nan a faifai lafiya lau, ƙofar shiga ce kawai ba a kafa daidai ba.

Hannu huɗu ne ke miƙa wa juna aiki

Idan ka danna maɓallin kunnawa, manhajar da ke cikin allon na'urar (motherboard) ce ke fara farkawa, wato BIOS a tsofaffin kwamfutoci ko UEFI a na baya-bayan nan. Ita ke neman mai tayar da tsarin, wanda a wannan jagorar GRUB ne. GRUB ya ɗauko kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ya ɗora a ƙwaƙwalwa. Kanel ya nemo yankin faifan da tsarinka yake, ya ɗaura shi, ya miƙa wa OpenRC ko systemd, masu tayar da sauran ayyukan tsarin. Duk wata matsalar tashi a ɗayan waɗannan miƙe-miƙen take, kuma abin da allo ya nuna shi ke gaya maka wanne ne. Don haka kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton allon da wayarka. Mutane da yawa na ce mini "ta ƙi tashi" kawai, in na tambaye su abin da ta rubuta sai su ce ba su duba ba.

Mataki na ɗaya: BIOS ko UEFI

Wannan tambayar ce tushen rabin wahalar. Tashi na'urar daga filashin da ka yi girkin da shi, ka rubuta:

ls /sys/firmware/efi

In ka ga fayiloli, ta hanyar UEFI ka tashi. In aka ce babu wannan folda, ta tsohuwar hanya ka tashi, ko da kuwa na'urar ta iya UEFI. A nan ƙanena ya faɗi. Laftof da yawa na gwanjo da ake sayarwa a kasuwanninmu suna zuwa an bar su a kan Legacy ko CSM, wato tsohuwar hanyar BIOS, saboda wanda ya zuba musu Windows haka ya saba. Idan ka buɗe jerin abubuwan tashi, za ka iya ganin filashinka sau biyu, ɗaya da UEFI a gaban sunansa, ɗaya babu. Zaɓi mai UEFI. A HP maɓallin jerin F9 ne, F10 kuma na shiga saituna. A Dell F12 da F2. A ThinkPad F12 da F1.

Shawarata: in na'urar ta iya UEFI, bi UEFI ka kashe Legacy gaba ɗaya. Tun da kana cikin saitunan, kashe Secure Boot ma. Ana iya sa Gentoo ta yi aiki da shi, amma wannan aikin wata rana ne, bayan na'ura ta tashi. Sai dai in akwai Windows mai BitLocker, wato makullin faifai na Windows, a faifan, nemo mabuɗin cetonsa ka rubuta a takarda kafin ka canza komai, don yana iya tambayarka shi.

Duba kwanan wata da agogo ma. Batirin da ke riƙe saitunan allo ɗan ƙarami ne, yawanci CR2032, kuma a tsohuwar na'ura ya kan mutu. Alamarsa ita ce agogo ya koma shekarun baya, saitunan da ka canza su koma yadda suke duk lokacin da babban batir ya ƙare. Agogon da ya kauce yana sa saukar da manhaja ta ƙi yiwuwa saboda takardun shaidar intanet. Umarnin chronyd -q na gyara shi a cikin filashin, amma maganin gaskiya shi ne a kai wa mai gyara ya canza batirin.

Mataki na biyu: komawa cikin tsarin da ka girka

Shiga ce daga filashi cikin tsarin da ke kan faifai, ana kiranta chroot. Kowane gyara daga nan yake farawa, don haka ya kamata ka iya shi da ka. A misalina sda1 ne yankin EFI, wato yankin faifan da UEFI ke neman GRUB a ciki, sda3 kuma tushen tsarin. Naka na iya bambanta, kuma faifan NVMe sunansa irin nvme0n1p1 ne. Tabbatar da lsblk -f kafin ka ci gaba.

mount /dev/sda3 /mnt/gentoo
mount --types proc /proc /mnt/gentoo/proc
mount --rbind /sys /mnt/gentoo/sys
mount --make-rslave /mnt/gentoo/sys
mount --rbind /dev /mnt/gentoo/dev
mount --make-rslave /mnt/gentoo/dev
mount --bind /run /mnt/gentoo/run
cp --dereference /etc/resolv.conf /mnt/gentoo/etc/
chroot /mnt/gentoo /bin/bash
source /etc/profile
mount /dev/sda1 /efi

Lura da --rbind a layin sys. In ka yi --bind zalla, foldar da ke riƙe bayanan UEFI ba za ta biyo ka ciki ba, kuma GRUB zai yi maka ƙorafi nan gaba. In ka ware wa /boot yanki na daban, ɗaura shi yanzu. Mantuwar wannan layi ɗaya ta jawo wa mutane asarar kwanaki: kanel ya sauka a foldar /boot da ke kan tushe, GRUB kuma yana nemansa a wani yankin.

Mataki na uku: faifan ya dace da hanyar da ka zaɓa?

Hanyoyi biyu ake raba faifai yanki-yanki, GPT da tsohuwar MBR. Ga UEFI, faifai ya zama GPT, da yanki guda mai tsarin FAT32 wanda aka yi wa alamar EFI System. Littafin jagorar Gentoo na ba da shawarar 1 GiB. Ana tsara shi da mkfs.vfat -F 32 /dev/sda1. Amma ka kiyaye: in Windows na kan faifan, ya riga ya mallaki irin wannan yanki. Kada ka goge shi, ɗaura shi kawai ku zauna tare. Wanda ya sake tsara shi ya kashe wa Windows hanyar tashi.

Ga tsohuwar hanya kuwa, BIOS ba ta san komai ba sai sashen farko na faifai mai bayit 512, kuma 446 kacal ne a ciki na lambar tashi. GRUB ba zai shiga nan ba, sai ya ajiye ɗan guntu, ragowarsa ya nemi wani wuri. A faifan MBR yana amfani da sararin da ke bayan wannan sashe. A faifan GPT dole ka ware masa ɗan yanki na 1 ko 2 MiB mai alamar BIOS boot, lambarsa EF02 a gdisk, ba tare da an tsara shi ba. In babu shi, GRUB zai ce embedding won't be possible.

Mataki na huɗu: gina GRUB da dasa shi

Abubuwa uku ne daban-daban a nan, kuma sababbin shiga na haɗa su wuri guda. Akwai gina manhajar, akwai dasa ta inda na'ura za ta gan ta, akwai rubuta mata jerin abin da za ta tayar. Yin ɗaya ba ya wadatar da sauran.

A /etc/portage/make.conf sa wannan layi ga UEFI:

GRUB_PLATFORMS="efi-64"

Ga BIOS kuma "pc". Sannan:

emerge --ask --verbose sys-boot/grub

Karanta abin da ya nuna kafin ka amsa, ka ga ko efi-64 na cikin waɗanda aka kunna. In ka riga ka gina shi kafin ka canza layin, sake ginawa da emerge --ask --update --newuse sys-boot/grub. Wanda datarsa ko wutarsa ba ta da tabbas ya san cewa tun Disambar 2023 Gentoo ke ba da manhajoji ginannu a hukumance, ana ɗauko su da --getbinpkg. Babu kunya a cikin wannan. In kuma wuta ta ɗauke ana tsakar gini, emerge --resume na ci gaba daga manhajar da aka tsaya a kanta.

Dasawa ga UEFI:

grub-install --efi-directory=/efi

Ga BIOS kuma grub-install /dev/sda, faifan gaba ɗayansa, ba sda1 ba. Abin da kake so ka gani shi ne Installation finished. No error reported. In ba haka ba, ga waɗanda na fi cin karo da su.

In ya ce bai ga modinfo.sh a foldar i386-pc ba, ka gina na UEFI amma ka tashi filashi ta tsohuwar hanya. In foldar x86_64-efi ya ambata, akasin haka ne, ba ka gina efi-64 ba. In ya ce /efi doesn't look like an EFI partition, ba ka ɗaura yankin ba ko kuma ba FAT ba ne.

In ya ce EFI variables are not supported on this system, ko dai ka tashi ta Legacy, ko foldar bayanan UEFI ba ta biyo ka cikin chroot ba. Gwada:

mount -t efivarfs efivarfs /sys/firmware/efi/efivars

In an ɗaura ta amma a kulle, mount -o remount,rw /sys/firmware/efi/efivars zai buɗe ta. Ina roƙonka da babbar murya, kada ka yi share-share barkatai a cikin wannan folda. Abin da ke cikinta ba a faifai yake ba, a cikin ƙwaƙwalwar allon na'urar yake, kuma an taɓa samun kwamfutocin da suka mutu murus saboda an goge ta.

Akwai wata dabara da ta cece ni sau da dama:

grub-install --efi-directory=/efi --removable

A al'ada GRUB na ajiye kansa a EFI/gentoo/grubx64.efi, sannan ya rubuta wa allon na'ura adireshin wurin. Wasu allunan ba sa riƙe wannan adireshi, wasu sun yi biris da shi, wanda batirinsa ya mutu kuma yana iya mantawa. Amma ƙa'idar UEFI ta tanadi wuri guda da ake dubawa in babu adireshi, wato EFI/BOOT/BOOTX64.EFI. Can --removable ke ajiye shi. Ni a kowace tsohuwar laftof ina yin duka biyun.

Na uku, rubuta jerin:

grub-mkconfig -o /boot/grub/grub.cfg

Tsaya ka karanta abin da ya fito. Dole ka ga layi mai Found linux image. In bai fito ba, kada ka sake kunna na'urar, domin GRUB zai tashi da jerin da babu kowa a ciki. Yi ls /boot ka gani ko kanel na nan. Kafin ka fita kuma, sa kalmar sirri da passwd, ka gwada /etc/fstab da abin da blkid ya nuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan an sake kunnawa ta ƙi

Allo ya ce babu abin tashi, ko Windows ya taso kai tsaye kamar ba ka yi komai ba. Matsalar na tsakanin UEFI da GRUB. Koma chroot ka rubuta efibootmgr -v. In gentoo na cikin jerin amma a baya, sake tsara su da efibootmgr -o 0002,0000, ka sa lambobin da ka gani a naka. In babu shi sam, sake dasawa tare da --removable. Wannan shi ne ciwon ThinkPad ɗin ƙanena. Ya tashi filashi ta Legacy, dasawa ta yi ƙorafi, shi kuma dare ya yi, gajiya ta kama shi, bai karanta ba ya wuce gaba.

Ka faɗa cikin grub rescue>. Guntun farko na GRUB ya tashi amma ya kasa gano ragowarsa. Ana iya fita daga nan da hannu. Rubuta ls, zai jero maka yankuna kamar (hd0,gpt1) da (hd0,gpt3). Bi su ɗaya bayan ɗaya da ls (hd0,gpt3)/boot/grub har ka sami mai fayiloli. Sannan:

set root=(hd0,gpt3)
set prefix=(hd0,gpt3)/boot/grub
insmod normal
normal

Wannan na tashi ɗaya ne kawai. Da ka shiga, sake grub-install da grub-mkconfig. In kuwa saƙon na cewa symbol kaza not found, kuma bayan sabunta tsarin ne ya faru, to guntun da ke yankin EFI da ragowar da ke /boot sun zama ba sa'o'in juna ba. Ka riƙe cewa emerge na sabunta fayilolin da ke /usr/lib/grub ne kawai, ba ya dasa maka sabon. Duk lokacin da sigar GRUB ta canza, kai za ka sake dasawa.

Jerin GRUB ya fito, ka zaɓi Gentoo, rubutu ya gudana, sai ya tsaya a kan VFS: Unable to mount root fs on unknown-block. A nan mutane ke ta sake dasa GRUB a banza, alhali ya gama nasa aikin. Kanel ne ya kasa kai wa ga faifai, kuma lambobi biyun da ke ƙarshen saƙon su ne ke nuna inda ciwon yake.

In 0,0 ne, kanel bai ga faifan ba kwata-kwata, ko bai gane adireshin da aka ba shi ba. Wanda ya gina kanel da hannu daga gentoo-sources ya fi faɗawa nan. Dalilin yana da sauƙin fahimta: in ka gina direban faifai a matsayin guntun da ake lodawa daga baya, to guntun yana kan faifan da ake buƙatar direban kafin a karanta shi. Ka kulle ɗaki, makullin kuma yana ciki. Direban faifai da na tsarin fayil dole su zama a jikin kanel, alamarsu tauraro a menuconfig, inda ake zaɓar abin da zai shiga kanel, ba M ta guntun da ake lodawa daga baya ba. Duba CONFIG_SATA_AHCI ga faifan SATA, CONFIG_BLK_DEV_NVME ga NVMe, CONFIG_EFI_PARTITION don karanta GPT. Domin sanin direban da na'urarka ke so, yi lspci -k a cikin filashin, tun da shi ya ga faifan, ka karanta layin Kernel driver in use. Wani abin da ke jawo 0,0 shi ne root=UUID ba tare da initramfs ba, wato ɗan ƙaramin tsarin da ake lodawa tare da kanel don ya taimaka masa gano tushe. Kanel shi kaɗai bai san UUID ba, wato lambar shaidar tsarin fayil, PARTUUID ya sani, lambar shaidar yankin faifai. Ko ka gina initramfs, ko ka sa root=PARTUUID a layin GRUB_CMDLINE_LINUX cikin /etc/default/grub.

In lambobin irin 8,3 ne, an ci gaba. Lamba 8 ta faifan sd ce, 3 kuma yanki na uku, wato sda3. Kanel ya ga faifan, tsarin fayil ɗin ne bai iya karantawa ba, ko kuma yankin da ka nuna masa ba shi ne tushe ba. Duba CONFIG_EXT4_FS ko CONFIG_XFS_FS, gwargwadon wanda ka yi amfani da shi.

A wasu laftof masu Intel ko filashin ma ba ya ganin faifan, saboda an sa shi a yanayin RST ko VMD a saituna. Mayar da shi AHCI. In akwai Windows, shirya shi tukuna, domin canjin na iya hana shi tashi.

Ga ra'ayina, kuma na san wasu ƙwararru ba za su so shi ba: wanda yake girkinsa na farko kada ya fara da kanel na hannu. Ya sa sys-kernel/installkernel dracut grub a cikin /etc/portage/package.use, ya girka sys-kernel/gentoo-kernel-bin tare da sys-kernel/linux-firmware. Wannan kanel ginanne ne mai direbobi masu yawa, dracut zai yi masa initramfs, jerin GRUB kuma ya sabunta da kansa. A zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a bazara, gina kanel sau biyar a kan laftof da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka azabtar da na'ura ne kawai. Bayan ta tashi, gina naka a hankali ka ajiye shi kusa da wancan. In naka ya faɗi, ka zaɓi tsohon a jerin GRUB ka gyara daga ciki, ba sai ka nemi filashi ba. In initramfs ɗin kanel ginannen ne ya lalace, emerge --config sys-kernel/gentoo-kernel-bin na sake yin sa.

Saura baƙin allo bayan GRUB, fanka na juyawa, fitilar faifai na ƙyaftawa. Sau da yawa tsarin ya tashi, nunawa ce ya kasa. A jerin GRUB danna e, ƙara nomodeset a ƙarshen layin da ya fara da linux, ka danna F10. In rubutu ya fito, matsalar direban hoto ce ko rashin linux-firmware.

Windows ya ɓace daga jerin

Bai ɓace daga faifai ba. Tun daga GRUB 2.06 da ya fito a 2021 aka daina neman sauran tsare-tsare sai in ka nema. Girka sys-boot/os-prober, wanda zai buƙaci a gina GRUB da zaɓin ginin da ake kira mount, Portage kuma zai gaya maka hakan. Sa GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a /etc/default/grub, ka tabbata yankin EFI na ɗaure, ka sake grub-mkconfig. Ya fi kyau a yi wannan bayan Gentoo ta tashi da kanta, ba a cikin chroot ba. GRUB na UEFI ba zai iya tayar da Windows da aka girka ta Legacy ba, dole su zama a hanya ɗaya. A cikin Windows kuma kashe Fast Startup, don yana barin faifai a rabin barci.

Ƙanena ya dawo bayan mako biyu, ya gina kanel nasa ya faɗa 0,0. A wannan karon hoton allon ya turo mini ta waya, ya rubuta a ƙasa cewa yana zaton AHCI ya bari a M. Ya tashi da kanel ginannen, ya mai da shi tauraro, ya sake ginawa bayan sallar isha'i da gari ya ɗan yi sanyi.